Lambu Da Dashen Itatuwa A Cikin Unguwa: Misalin G.R.A. Ta Birnin Gombe



Makasudin wannan jawabi shi ne a bayyana irin aikin da ƙungiyar masu lambu ta unguwa za ta iya yi wa garinsu, da yadda ake kafa ta, da kuma abin da kan kashe ta. An ɗauki unguwar G.R.A. ta birnin Gombe a zaman misali domin a nan aka tara abubuwa uku waɗanda da wuya a same su wuri guda, watau filaye masu faɗi, da tsofaffin itatuwa, da mutane masu ilmi da abin hannu. Amma fa duk abin da za a faɗa a kanta ya shafi kowace unguwa a ƙasar nan, ko a birni take ko a ƙauye.

Yadda Garin Ya Girma

Modibbo Buba Yero ne ya kafa masarautar Gombe a zamanin jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, hedkwatarta kuwa tana Gombe Abba. Cikin mulkin Turawa aka mai da ita Nafada, daga baya a shekarar 1919 aka dawo da ita inda garin yake yanzu. Cinikin auduga da gyaɗa ya jawo mutane, hanyar jirgin ƙasa ta iso a 1963, gari ya yi ta buɗewa. Ran 1 ga Oktoba 1996 aka yanke Jihar Gombe daga Jihar Bauchi, Gombe ta zama babban birnin jiha. Tun daga ranar ma'aikata da 'yan kasuwa suka yi ta kwarara, har ƙidayar 2006 ta sami mutum fiye da 260,000 a Ƙaramar Hukumar Gombe kaɗai, ban da unguwannin da suka ƙetara cikin Akko da sauran maƙwabta.

Ita G.R.A., kamar takwarorinta na Kano da Zariya da Kaduna, asalinta wuri ne da gwamnati ta keɓe domin manyan ma'aikatanta. Akan yanka wa kowane gida fili babba, a dasa darbejiya da mangwaro da maɗaci a kewaye da kuma bakin titi. Waɗanda suka dasa su galibi sun riga mu gidan gaskiya, inuwarsu ce ake sha har yau. To, amma yawan jama'a da tsadar fili sun sa ana raba manyan filaye ana gina gidaje da shaguna da otal-otal, ana sare itace a shafe tsakar gida da siminti. Itacen da ya shekara 50 yana girma, gatari kan kā da shi tsakanin hantsi da azahar, kuma sau da yawa ba a dasa wani a madadinsa.

Abin Da Ruwa Ke Yi Wa Garin

Mai sauraro zai iya cewa, ina ruwan mutumin Bolari ko Pantami da itacen da aka sare a gidan wani? Amsa tana cikin shimfiɗar garin. Gombe tana kwance ne a gangare, ƙasa ta yi tudu ta yamma ta sauka ta gabas, kuma yawancinta rairayi ne marar danƙo. Ruwan sama yana sauka daga wajen Mayu zuwa Oktoba, mafi ƙarfinsa a Yuli da Agusta, sau da yawa kamar da bakin ƙwarya.

In ruwa ya sauka kan itace, ganye ya tare ƙarfinsa, ya ɗiga a hankali, busasshen ganyen da ke ƙasa ya riƙe shi, saiwa ta buɗe masa hanya ya nutse. In kuwa ya sauka kan kwano da siminti da kwalta, ba inda zai shiga. Sai ya taru ya bi gangare da gudu, ya kwashi rairayi, ƙaramar hanyar ruwa ta zama kwazazzabo, kwazazzabo ya yi ta cin bakinsa kowace damina har ya kai ga katangar mutane. Haka zaizayar ƙasa ta cinye gidaje da hanyoyi a unguwanni da dama na garin, kuma mutanen Gombe ba su manta da ambaliyar watan Agusta na 2004 ba, wadda aka yi hasarar rayuka da dukiya a cikinta. Saboda haka wanda ke zaune a tudu yana da alhakin na gangare a wuyansa. Ruwan da ya hana nutsewa a gidansa, a ɗakin wani zai kwana.

Abin Da Gwamnati Ta Yi

Gwamnati ba yau ta fara kiran jama'a ga wannan aiki ba. Bayan farin da ya auka wa Arewa daga 1972 zuwa 1974, Gwamnatin Tarayya ta Janar Olusegun Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa a 1976, aka umarci makarantu da barikoki da ma'aikata su yi lambu a bayan gidajensu. Gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta biyo da nata shirin bunƙasa noma a 1980. A 2007 Tarayyar Afirka ta amince da shirin kafa babbar ganuwar itatuwa daga Senegal zuwa Jibuti, Nijeriya ta kafa hukumar da ke kula da nata rabon a 2015, Gombe kuwa tana cikin jihohi 11 na bakin hamada da shirin ya ƙunsa.

A 2019 gwamnatin Jihar Gombe, a ƙarƙashin Gwamna Muhammadu Inuwa Yahaya, ta fito da shirin da ake kira 3G, da niyyar dasa itace miliyan 1 kowace shekara. A ƙarshen 2021 kuma Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 domin shirin ACReSAL, wanda ya shafi gyaran ƙasa da ruwa a jihohin Arewa 19 da Birnin Tarayya. Ban da wannan, a Dadin Kowa, kimanin kilomita 40 gabas da Gombe, akwai madatsar ruwan da aka gina kan kogin Gongola, da Kwalejin Tarayya ta Koyon Aikin Lambu wadda aka kafa a 2002.

Duk da haka, akwai iyakar abin da hukuma za ta iya. Hukuma ta iya rena dashe, ta kawo shi a mota, a dasa ranar biki. Amma ba za ta iya tsayawa kan kowane itace da bokiti a watan Maris ba, ba kuma za ta iya korar kowace akuya ba. Wannan giɓi shi ne wurin ƙungiyar unguwa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kafa Ƙungiya

Ba a bukatar taron jama'a kafin a fara. Mutum 10 ko 15 masu niyya sun isa. Abu na farko, a je a gai da mai unguwa a shaida masa, gama duk aikin da ya taɓa titi ko fili na jama'a ba ya tafiya sai da saninsa. Sa'an nan a zaɓi shugaba da magatakarda da ma'aji, a yanka kuɗin wata wanda mafi ƙarancin hali a cikinsu zai iya biya, a sayi littafi biyu, ɗaya na kuɗi, ɗaya na itatuwa.

Lalle ne a shigar da mata, domin su ne suka san abin da tukunya ke bukata, su ne kuma ke gida sa'ad da maza ke wajen aiki. Lalle ne kuma a shigar da masu gadi da masu aikin lambu na gidajen unguwar a zaman cikakkun wakilai, a ba su bakin magana. Da yawansu manoma ne tun daga gidajen iyayensu, sun san ƙasa da iri fiye da masu gidan. Ƙungiyar da ta zama ta manya zalla, taro za ta yi ta yi, ba za ta haƙa rami ba. Daga nan sai a sanar da sashen gandun daji na Ƙaramar Hukuma da Ma'aikatar Muhalli ta jiha, a nemi malamin daji ko malamin gona ya riƙa leƙowa.

Aiki Na Farko: Wurin Renon Dashe

A nemi kusurwar wani gida mai rijiya ko famfo, a kafa rumfar zana ko ta kara mai barin hasken rana kaɗan. A haɗa ƙasar sama kashi 2, rairayi kashi 1, ruɓaɓɓen taki kashi 1, a cika 'yan jakunkunan leda, a huda gindinsu. Ledar ruwan sha da ke toshe magudanai ma ta isa wannan aiki in an wanke ta, ga tsabtace unguwa ga tsimin kuɗi.

Kowane iri da halinsa. 'Ya'yan darbejiya ba su jimre ajiya, sai a shuka su cikin 'yan makonni bayan an tsince su. Masu taurin ɓawo, irin su tsamiya da kuka da ɗorawa da gawo, a jiƙa su cikin ruwan zafi su kwana, ko a ɗan kankare ɓawon. Zogale kuwa ko reshensa aka kafa ya kama. Mangwaro da lemo sun fi kyau a yi musu aure, watau a ɗaura reshen iri mai kyau kan ƙaramin dashe, gama mangwaron da aka yi wa aure kan fara 'ya'ya cikin shekara 3 ko 4, na ƙwallo kuwa ya fi haka jinkiri, kuma ba tabbas zai yi kama da uwarsa. Wannan sana'a ce da ake koya a Dadin Kowa, ya kamata ƙungiya ta tura matasa 2 ko 3 su koyo. A fara reno tun cikin Fabrairu ko Maris domin dashe ya yi ƙwari kafin damina ta zauna.

Aiki Na Biyu: Dashe Da Kulawa

Lokacin dashe shi ne sa'ad da ƙasa ta sha ruwa sosai, watau ƙarshen Yuni zuwa Yuli. Wanda ya bari sai Satumba ya makara, gama ruwa zai ɗauke tun saiwa ba ta kama ba. A haƙa rami ƙafa 2 faɗi, ƙafa 2 zurfi, a ware ƙasar sama a gauraya ta da taki a mai da ita gindi. A yanke leda a cire, kada a binne itace da ita. A danne ƙasa, a yi ɗan kwarmi kewaye domin ya riƙe ruwa, a rufe shi da busasshiyar ciyawa, amma kada ta taɓa karan, saboda gara. Sa'an nan a kewaye da ƙaya ko kwando ko tubali. Itacen da ba shi da kariya abincin awaki ne.

A kula da wurin da ake sa kowane itace. Mangwaro da darbejiya da maɗaci suna son tazarar mita 8 zuwa 10, kuma kada a sa su jikin katanga ko ƙarƙashin wayar lantarki ko kan bututun ruwa. Itacen turare yana shan ruwa ƙwarai, bai dace da kusa da rijiya ko lambun ganye ba. Inda fili ya yi kaɗan, gwaiba da lemo da gwanda da zogale sun wadatar. Kada kuma a cika unguwa da darbejiya zalla. Ita baƙuwa ce, asalinta ƙasar Indiya da Bama, a 1928 aka shigo da ita Borno daga Gana, ta kuma yi wa Arewa rana. Amma in cuta guda ta kama iri guda, unguwa duka ta tsiraita. A haɗa da tsamiya da kanya da ɗorawa da kuka, waɗanda suka saba da ƙasar tun kaka da kakanni.

Babbar jarrabawa kuwa ita ce rani na farko. Ga lissafi mai sauƙi. In ƙaramin itace na bukatar jarka 1 sau 2 a mako, itace 100 na bukatar jarka 200 kowane mako, tun daga Nuwamba har ruwa ya sauka a Mayu. Ƙungiyar da ba ta yi wannan lissafi ba kafin ta karɓi dashe 1,000, to, ta karɓi gawa ne. Gara a dasa 50 su rayu da a dasa 500 su bushe. Dabarar ita ce a ba kowane itace uba ko uwa: a rubuta a littafi cewa itace mai lamba kaza yana hannun gidan wane, ko mai shagon da ke kusa, ko mai shayi da ke son inuwa. Ruwan alwala da na wankin hatsi da kayan miya duk sun isa ban ruwa. Akwai kuma tsohuwar dabarar binne tulu marar shafe kusa da saiwa, a cika shi a rufe bakinsa, ya riƙa tsattsafowa a hankali. A ƙarshen kowane rani magatakarda ya zaga ya ƙidaya masu rai. Wannan adadi shi ne sakamakon ƙungiya na gaskiya.

Aiki Na Uku: Lambun Bayan Gida Da Taki

Fangali 4 ko 5 a bayan gida sun isa su rage wa iyali kuɗin cefane. Da damina a sa kuɓewa da alayyafo da yakuwa da lalo da rama. Da sanyin hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin tumatir ne da albasa da latas da karas da kabeji. Wanda tsakar gidansa siminti ne ya cika buhu da ƙasa da taki ya shuka a ciki. Ƙungiya ta sayi iri a dunƙule ta raba, ta kuma ajiye garma da shebur da baro da butar ban ruwa waɗanda za a riƙa ara ana sa hannu.

Ganyen da ake sharewa kullum a ƙone a bakin titi dukiya ce ake mai da ita hayaƙi. A haƙa rami mai zurfin kamar mita 1 a inuwa, a jera busasshen ganye, da ɓawon kayan miya, da kashin dabbobi ko na kaji, da ɗan toka, a yayyafa ruwa, a riƙa juyawa bayan kowane mako 2 ko 3. Cikin wata 2 zuwa 3 ya zama baƙin taki mai ƙanshin ƙasa. Kada a sa leda ko kwalba ko batir. Game da ƙwari kuwa, a daka 'ya'yan darbejiya a jiƙa su kwana, a tace a fesa da yamma. Wanda ya ga lalle sai ya yi amfani da maganin kanti, ya bi abin da aka rubuta jikin kwalba, ya jira kwanakin da aka ƙayyade kafin ya tsinki ganye, ya kuma ajiye shi inda yara ba su kaiwa. Duk randa ko duro na ban ruwa a rufe shi, kada lambu ya zama gidan sauro.

Aiki Na Huɗu: Fita Wajen Katanga

Ƙungiyar da alherinta ya tsaya cikin katangun 'ya'yanta ba ta cika sunanta ba. Makarantun firamare da na Islamiyya, da harabar masallatai da majami'u, da ɗakunan shan magani, da maƙabartu, da tashoshin mota, duk wurare ne da talaka ke tsayuwa cikin rana a watan Afrilu. A zaɓi wuri ɗaya kowace shekara, a yi shawara da shugabanninsa, a dasa, a kuma tabbatar akwai mai ban ruwa lokacin hutu. A makaranta a ba kowane aji itatuwansa da fangalinsa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, yaron da ya shayar da itace shekara guda da wuya ya girma ya zama mai sara barkatai.

Haka kuma bakin kwazazzabai. Babban kwazazzabo aikin injiniya ne da kuɗin gwamnati, kada wata ƙungiya ta jefa 'ya'yanta cikin hatsari. Amma ƙananan hanyoyin ruwa da ke soma cin ƙasa ana iya tare su da buhunan rairayi da jerin duwatsu, a dasa jema layi-layi a gicciye da gangare, tazarar taƙi guda tsakanin gindi da gindi. Saiwar jema tana nutsawa ƙasa ƙwarai ta ɗaure ta, ganyenta ya tace rairayi. Inda gwamnati ta riga ta gina magudana, aikin ƙungiya shi ne ta hana zuba shara da ɗibar yashi, ta kuma shirya aikin gayya na yashe su kafin ruwan farko. Rigakafi ya fi magani.

Abin Da Kan Kashe Ƙungiya

Abu uku ne. Na ɗaya kuɗin da ba a bayyana lissafinsa. Ma'aji ya karanta abin da ya shigo da abin da ya fita a kowane taro, ko da naira 500 ce. Na biyu siyasa da bambancin addini ko ƙabila. Gombe gari ne na Fulani da Hausawa da Tangale da Tera da Waja da Bolewa da Barebari da Yarbawa da Ibo da sauransu, inuwa kuwa ba ta tambayar mai zama cikinta daga ina ya fito. Na uku dogara ga mutum ɗaya. Ma'aikacin gwamnati yau yana nan, gobe an yi masa canjin wurin aiki. In shi kaɗai ya san inda littafi yake, ƙungiya ta bi shi.

Darasi Daga Maƙwabta

Kada a rena ƙaramin mafari. A ƙasar Kenya, Wangari Maathai ta fara da 'yan mata da matan ƙauye suna renon dashe a 1977, aikin ya kai ga miliyoyin itatuwa, har aka ba ta kyautar Nobel ta zaman lafiya a 2004. A nan kusa kuma, a jihar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar, tun daga wajen 1983 manoma suka koma barin tohon kututturen da ke gonakinsu, suna rage rassa suna barin masu ƙarfi su girma. Suna kiran wannan sassaben zamani, kuma ta haka gawo da sauran itatuwa suka komo gonakin da suka zama fako, ba tare da an sayi dashe ba. Darasin ya shafi birni ma: itacen da ke tsaye ya fi wanda za a dasa. Kafin a sare tsohon itace domin gini, a duba ko za a iya gusar da ginin ko a rage rassa kawai. In kuwa ba makawa, a nemi izinin hukuma, a dasa waɗansu a madadinsa, a kuma rene su.

Kammalawa

Malaman addini, Musulmi da Kirista, sun haɗu a kan cewa ƙasa amana ce a hannun ɗan Adam, kuma sananne ne a Musulunci cewa wanda ya dasa itace yana samun lada muddin mutum ko dabba ko tsuntsu na amfana da shi. Mutanen da suka dasa itatuwan G.R.A. sun san ba su ne za su daɗe a inuwarsu ba, amma suka dasa. Abin da ake roƙon kowace unguwa shi ne, kafin damina mai zuwa a sami mutum 10 su zauna, su ga mai unguwa, su ƙidaya jarkokin ruwan da za su iya bayarwa a rani, sa'an nan su karɓi dashe daidai da wannan.

Allah Ya ba da damina mai albarka, Ya kiyashe mu da ambaliya da fari, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.